ChatGPT, Gemini ko Meta AI, wanne ya fi wa mai sana'a a onlayin?

'Yan uwa masu sana'a suna yawan tambayata wanne AI (manhajar da za ki rubuta mata tambaya ko aiki ta ba ki amsa) za su riƙe, toh gaskiya ya danganta da aikin da za ki ba shi. Ni atamfa, leshi da mayafai nake saidawa a nan Bauchi wajen Wunti, amma rabin cinikin a WhatsApp da Instagram yake, kuma aiki biyu nake ba AI ɗin, tace ƙorafin kwastomomi da tsara abin da zan ɗora a sati.

Ukun da na gwada su ne ChatGPT na kamfanin OpenAI da ya fito a Nuwamban 2022, da Gemini na Google wanda da Bard ake ce masa kafin a canza sunan a 2024, sai Meta AI da yake zaune cikin WhatsApp ɗinmu. Duk akwai na kyauta. ChatGPT Plus dala 20 ne a wata, ki buga da canjin yau ki gani ko ribarki za ta ɗauka, ni dai ban ga abin da zai sa ƙaramar sana'a ta fara da biya ba.

Wajen ƙorafi ne na fi cin moriyarsu. Ƙarshen wata nakan kwafo saƙonnin mutane, in goge suna da lambar waya da lambar akawun (dan Allah kar ki zuba sirrin mutane a ciki), in ce ya raba min su kashi-kashi ya faɗi wanne ya fi maimaituwa. Abin da ya fito ba maganar tsada ba ce sam, kala ce, wai ta hoto daban ta hannu daban, sai kuma jinkirin kayan da ake sakawa a mota zuwa Azare da Gombe. Yanzu a waje nake ɗaukar hoto da safe, na daina ɗauka ƙarƙashin fitilar shago.

Sai dai fa Hausarmu ta waya tana ba su wuya, ga ngd ga wlh ga rabi Turanci, ga uwa uba baƙar magana. Wata ta rubuto min "Hajiya an gode fa, sai da biki ya watse kayan suka iso", wlh ɗaya daga cikinsu a layin yabo ya ajiye ta. Saƙon murya kuwa ni nake saurara in rubuta da hannuna, kuma kin san mutanenmu, magana ɗaya sai an yi miki minti uku.

Tsara fostin ya fi sauƙi, kowannensu zai iya, in dai kin gaya masa inda kike. In kika bar shi haka nan jadawalin Turawa zai kawo miki. Sai kin ce masa kasuwata azumi ce da ƙaramar Sallah da babba da lokacin bukukuwa, kuma Bauchi garin ma'aikata ne, sai an yi albashi ake motsi. Ranakun Musulunci ki duba da kanki don duk shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Rubutun da za su miki ma ki sake shi da bakinki, in ba haka ba zai fito kamar labaran rediyo.

In wayarki ƙarama ce, Meta AI ya isa gajeren rubutun talla tunda ba sai kin sauke wata manhaja ba. Mai tara ra'ayin kwastoma da Google Forms ta fara da Gemini, gida ɗaya suke. Ni ChatGPT na kyauta na riƙe don dogayen saƙonni, sannan in jera fostin ɗin sati a Meta Business Suite (manhajar tsara fostin ta kamfanin Facebook) ranar Lahadi da daddare, su dinga fita da kansu a Facebook da Instagram ina shago.