ZSM-5 ko ziyolait Y don fasa nafta? Ga amsata

Ƙanina, ka tambaye ni wane ziyolait za ka saya don fasa nafta, ZSM-5 ko Y. Ziyolait gari ne mai ƙananan ramuka da ake amfani da shi a matsayin katalis, wato abin da ke hanzarta sauyin sinadarai. Sayi ZSM-5, kada ka tsaya wasu-wasi.

Da shi na yi aikin digirina na biyu. Har yau ina tuna ranar da na fara tura nafta mara nauyi (wani ɓangare na ɗanyen mai) a kan ɗan garinsa, zafin bututu yana kan digiri 650 na Celsius. Sakamakon GC, na'urar da ke tantance iskar gas ɗin da ta fito, na fitowa sai ga layin furofilin ya miƙe, ya kusa kamo na etilin; su ne gas biyun da ake nema, waɗanda ake yin roba da su. Wallahi da gudu na je na kirawo malamina. Ka san a fasawa da tururi, wadda manyan masana'antu ke yi a digiri 800 zuwa 850, furofilin bai fi rabin etilin da ɗan ɗoriya ba. Nan kuwa ga wuta ta ragu, ga furofilin ya ƙaru.

Sirrin yana cikin ramukan ZSM-5. Faɗinsu wajen nanomita 0.55 ne, matsattsu ƙwarai, don haka ƙananan olefin, wato irin su etilin da furofilin, sukan fice kafin su samu sararin dunƙulewa su zama baƙin gawayin da ke toshe katalis. Nawa bayan wuni guda yana aiki toka-toka kawai ya yi. Na ƙona shi da iska a digiri 550, ya dawo fari, na sake zubawa.

Y kuwa na saya, na yi da-na-sani. Ramukansa nanomita 0.74 ne, ga manyan ɗakuna a ciki, don mai mai nauyi ya dace, irin wanda matatu ke fasawa su sami fetur. Da nafta nan da nan ya yi baƙi ƙirin, ya kuma riƙa mayar mini da olefin zuwa farafin, wanda ba shi nake nema ba.

In ka tashi saye, nemi ZSM-5 mai amoniyam, ka gasa shi a digiri 550 na wasu awanni kafin asid ɗinsa, wanda ke yin fasawar, ya farka. Mai sodiyam ba zai fasa maka komai ba sai ka yi masa musayar ayon, wato ka sauya sodiyam ɗin da amoniyam. In za ka haɗa da tururi, sa masa fosforos, in ba haka ba aluminiyam zai riƙa ficewa daga ginin, ƙarfinsa ya mutu.

Sai batun 'yan damfara, ko da ba ka tambaya ba. A intanet akwai masu niƙa ziyolait na ƙasa, wanda ake zuba wa abincin kaji da tankin kifi, ko ziyolait A na garin sabulu, su liƙa masa takardar ZSM-5. Duk farin gari ne, ido ba ya rarrabewa. Ka ce a ba ka takardar gwaji mai nuna adadin silika bisa alumina. Sannan ka fara da ɗan kaɗan, ka kai gwajin XRD, wanda ke amfani da hasken X-ray don gano tsarin ginin garin. In a sakamakon ba ka ga layuka biyu wajen kusurwar digiri 8 da 9 ba, da cunkoson layuka wajen 23 zuwa 24, kada ka tura musu sauran kuɗin.