Sharhi kan faifan "Rehab" na Amy Winehouse: tsohon kiɗa ɗauke da sabon ciwo

Kamfanin Island Records ya fitar da waƙar "Rehab" a Birtaniya ranar 23 ga Oktoba, 2006, domin ta share fage ga kundin Back to Black da ya biyo bayanta cikin 'yan kwanaki. Amy Winehouse tana da shekara 23 a lokacin, kuma masu sauraro sun san ta ne da kundinta na farko, Frank, na 2003, wanda ya fi karkata ga salon jaz. Tsawon waƙar bai wuce minti 3 da daƙiƙa 35 ba, amma a cikin wannan ɗan lokaci ta sauya alƙiblar mawaƙiyar, ta kuma buɗe ƙofa ga sautin soul, wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, na shekarun 1960 ya dawo gidajen rediyo bayan an daɗe ana ganinsa kayan tarihi. Ra'ayina tun daga farko shi ne faifan ya cancanci kuɗinsa, sai dai akwai abin da ya kamata mai saye ya sani game da yadda ake sauraronsa, domin mutane da yawa sun rera shi, sun yi rawa da shi, ba tare da sun ji abin da yake faɗa ba.

Asalin waƙar sananne ne, domin furodusanta, Mark Ronson, ya sha ba da labarin. Suna tafe ne a kan titi a birnin New York a 2006, sai Amy ta ba shi labarin lokacin da shan giya ya yi mata yawa, har masu kula da harkokinta suka nemi kai ta cibiyar da ake kula da masu shaye-shaye, wadda ake kira "rehab" da Turanci, ita kuwa ta ƙi. Yadda ta furta ƙin, tana maimaita shi sau uku, shi ya tsayar da Ronson, ya ce mata wannan ai amshin waƙa ne. Suka koma situdiyo, ta rubuta baitocin da kanta cikin ɗan lokaci, kuma sunanta kaɗai ke jikin waƙar a matsayin marubuciya. Da farko ta tsara ta ne a hankali, a salon bulus mai jan ƙafa, Ronson ne ya ba da shawarar a ƙara mata sauri a ɗora ta bisa kiɗan ƙungiyoyin 'yan mata na shekarun 1960, irin su Shangri-Las, waɗanda Amy take yawan saurare a wancan lokaci. Wannan shawara ita ce ta mai da waƙar ta kasuwa, kuma ita ce ta haifar da matsalar da zan zo gare ta daga baya.

Abin da ya fi burge ni a faifan shi ne makaɗan. Ronson ya fito ne daga duniyar hip-hop, inda aka saba yanko ɗan guntun tsohon faifai a maimaita shi da kwamfuta, kuma da ya bi wannan hanya da babu wanda zai zarge shi. Maimakon haka sai ya nemi Dap-Kings, makaɗan da ke raka mawaƙiya Sharon Jones a lokacin, waɗanda ke aiki a situdiyon Daptone da ke unguwar Bushwick a Brooklyn. Situdiyon wani tsohon gida ne da suka gyara da hannunsu, suna naɗar sauti a kan tef kamar yadda ake yi kafin zuwan kwamfuta, makaɗa suna zaune wuri guda suna kiɗa tare, kowa yana jin ɗan'uwansa. Bambancin yana fitowa fili a kunne. Gangar Homer Steinweiss, mai kaɗa wa Dap-Kings ganga, a bushe take, gajeren sauti gare ta, ba ta da amon da ake ƙara wa gangunan waƙoƙin zamani, kuma tana ɗan jinkirta bugu kaɗan yadda hannun mutum kan yi, abin da na'ura ba ta iya kwaikwayo sai an matsa mata. Daga baya aka ƙara kayan tsirkiya a Landan, Tom Elmhirst kuma ya haɗa sautin gaba ɗaya, ya ƙara wa ƙasan kiɗan nauyi yadda zai iya zama kusa da waƙoƙin hip-hop a rediyo ba tare da ya yi kama da tsohon faifan da aka tono daga akwati ba.

Wanda ya sa abin sauraro a kunne ya natsu zai lura da yadda waƙar ke farawa. Babu shimfiɗa, babu kiɗan buɗe fage. Muryar ce ke fara shigowa da amshi, ganga da tafi suna biye da ita, fiyanon lantarki yana riƙe da sauti a ƙasa. Tafin yana faɗowa ne a wuraren da ba a zata ba, shi ya sa jiki ke motsawa tun kafin hankali ya kama maganar. A amshi na biyu ne masu busa suke cika wurin, musamman babban saksofon mai kaurin murya, wanda ke amsa mata duk lokacin da ta ce a'a, kamar mai mara mata baya a gardama. Amshin an gina shi ne a kan tsarin bulus mai sauƙi da kowa zai iya bi. Da an shiga baiti kuwa sai yanayin ya canza, sautin ya yi duhu, tsirkiyoyi su taso a hankali, ƙararrawa ta riƙa bugawa daga nesa, muryar kuma ta sauko daga tsayin dakarta ta koma ta mai bayani. Wannan kai da komo tsakanin amshi mai taurin kai da baiti mai rauni shi ne ginshiƙin waƙar, kuma an yi shi da gwaninta ƙwarai.

Muryar Amy ita kanta tana da kauri da ɗan gautsi, tana jan kalma ta sake ta a bayan bugun ganga, dabarar da ta koya daga mawaƙan jaz. Ba ta yin kwarmato, ba ta kuma hawa sama don nuna iyawa, ko da yake tana da ikon yin hakan. Tana waƙar ne kamar mai magana da wani da ke zaune gabanta, kuma wannan ne ya sa tsohon kiɗan bai zama rigar aro a jikinta ba. Waƙoƙi da dama da aka yi a wannan salo suna kwaikwayon har da kalmomin da, su yi ta maganar soyayya mai tsabta irin ta faifan 1965, sai mai sauraro ya ji kamar wasan kwaikwayo ake yi masa. Ita kuwa ta ɗauki sautin da ta ɗora masa rayuwarta ta 2006, da kwalba, da likita, da mahaifi, da saurayin da ya tafi.

A nan ne nake ganin an yi wa waƙar gurguwar fahimta. Amshin ƙi ne ƙarara, kuma shi ne abin da ya zauna a bakin jama'a. Amma baitocin uku suna tafiya ne mataki mataki zuwa wani wuri dabam. A na farko tana cika baki, tana cewa ta gwammace ta zauna gida da faifan Ray Charles da na Donny Hathaway, tsofaffin mawaƙan soul na Amurka, domin a ganinta babu abin da cibiyar za ta koya mata da ba za ta samu a wurinsu ba. A na biyu ta riga ta isa gaban mai duba ta, ya tambaye ta dalilin zuwanta, ta amsa cewa tana tsoron rasa masoyinta ne shi ya sa ba ta rabuwa da kwalba, shi kuma ya gaya mata cewa baƙin ciki ne ke damunta. A na uku cika bakin ya ƙare sarai, ta fito fili ta ce ba ta son ta ƙara sha, aboki kawai take bukata. Duk wanda ya saurari wannan baiti na uku da zuciya ɗaya ba zai ce waƙar alfahari da shaye-shaye ba ce. Kuka ne na wadda ta san tana cikin matsala amma ta kasa karɓar irin taimakon da aka miƙo mata. Saurin kiɗan da daɗin tafin su ne suka rufe wannan kuka, har ya zamana ana rera amshin a wuraren shan giya ana dariya, kuma ina ganin wannan abin takaici ne matuƙa.

A kasuwa dai waƙar ta yi abin da ake so. Ta kai matsayi na 7 a jadawalin Birtaniya, sa'an nan a Amurka ta haura zuwa na 9 a jadawalin Billboard a watan Yunin 2007, bayan Amy ta rera ta a bikin kyaututtukan fina-finai na MTV. A shekarar ce ta ci kyautar Ivor Novello, wadda marubuta waƙa na Birtaniya ke bayarwa, mujallar Time kuma ta sa ta a sahun farko na waƙoƙin 2007. Ƙololuwar abin ta zo ne ranar 10 ga Fabrairu, 2008, a bikin Grammy, inda "Rehab" ta ci kyauta 3, ciki har da ta faifan shekara da ta waƙar shekara, Amy kuma ta tashi da 5 a dare guda, Ronson ya samu ta furodusan shekara. Ba ta halarci zauren bikin a Los Angeles ba, saboda bizarta ba ta fito a kan lokaci ba, sai aka haɗa ta daga Landan ta tauraron ɗan'adam ta rera waƙar. Makonni kaɗan kafin wannan dare ta shiga irin cibiyar da waƙar ke ƙi. Mawaƙiya Natalie Cole, wadda ita ma ta yi fama da shaye-shaye a rayuwarta, ta fito ta ce karrama ta a wannan hali saƙo ne mara kyau ga matasa. Ban yarda a hana aiki kyautar da ya cancanta saboda halin mai shi ba, amma damuwar Cole tana da tushe, kuma abin da ya biyo baya ya nuna ba ta yi maganar banza ba. Amy ta rasu a gidanta da ke Camden a Landan ranar 23 ga Yuli, 2011, tana da shekara 27, binciken hukuma kuma ya tabbatar da cewa yawan giya a jininta ne sanadi. Iyalanta sun kafa gidauniya da sunanta a watan Satumban shekarar domin taimaka wa matasa masu irin wannan matsala.

Tasirin faifan a kan masana'antar waƙa bai ɓuya ba. Kamfanoni sun ga cewa muryar mace mai kauri a kan kiɗan soul na da tana sayuwa, kuma a 2008 mawaƙan Birtaniya Duffy da Adele suka fito da kundinsu na farko suka tarar da kunnuwan jama'a a shirye. Dap-Kings da kansu sun raka Amy zagayenta na Amurka a 2007, wanda ya sa mutane da dama suka fara jin sunan Sharon Jones, wadda ta daɗe tana wannan aiki ba tare da an waiwaye ta ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ita da makaɗanta ne suka riƙe salon a lokacin da babu riba a cikinsa.

Faifan yana da nasa rauni. An matse sautin a matakin ƙarshe don ya yi ƙara a rediyo, kamar yadda aka saba yi wa waƙoƙin wancan zamani, sakamakon haka idan aka ƙure murya a lasifika mai kyau sai a ji masu busa da ganga suna cunkushewa wuri guda, musamman a amshin ƙarshe. Abin da aka sha wahala aka naɗa a tef da sarari da numfashi ya rasa wani kaso na wannan sarari, kuma kiɗa irin wannan ya fi son a bar masa wurin shaƙatawa. Bidiyon waƙar, inda makaɗa ke sanye da kayan barci suna kiɗa a ɗakunan wani tsohon gini, ya ƙara tura mai kallo ga ɗaukar abin da wasa. Sigar da aka sake haɗawa da mawaƙin hip-hop Jay-Z don kasuwar Amurka kuwa ba ta ƙara komai ba, ta ma katse tafiyar baitocin da na bayyana a sama, don haka ba na ba da shawarar a fara da ita.

Ga mai niyyar saye, shawarata ita ce ya nemi ainihin sigar ta cikin kundin Back to Black maimakon ya tsaya ga waƙar ita kaɗai. "Rehab" ce ke buɗe kundin, waƙoƙin da ke biye da ita kuma, waɗanda Ronson da wani furodusan, Salaam Remi, suka raba aikinsu, suna bayyana rabuwar da ta jefa mawaƙiyar cikin halin da take waƙa a kansa, ta yadda amshin ba zai ƙara yin kama da raha ba. A saurare ta da abin sawa a kunne, a matsakaiciyar murya, domin a nan ne matsewar sautin ba ta damun kunne, ƙararrawa da tsirkiyoyin baiti kuma suke fitowa sosai. Iyaye da malamai da za su ji matasa suna rera amshin ya dace su zaunar da su su saurari baiti na uku tare, su kuma gaya musu yadda labarin mai waƙar ya ƙare a 2011.