Ruwan lagireto ya yi ta ɓacewa, sai a Magazin aka gano inda yake bi

Motata Corolla ce ƙirar 1997, kuma ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba sai watan jiya. Muna hawan tudun Mampong za mu suna a garin Ejura a nan Ghana, ni da maiɗakina da yara, sai na ga allurar zafi ta miƙe tana neman ja. Na tsaya a gefen titi, na jira injin ya huce kafin na buɗe murfin. Lagireto ya kusa bushewa, sai da ya shanye ledar ruwan fiya wata guda shida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk inda na ajiye motar ta kwana, da safe babu ko ɗigo a ƙasa.

Fitan unguwarmu a Aboabo, wato makanike, ko tayar da injin bai yi ba ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, sai an sauke kan injin. Da na ƙi, ya canza mini tiyo da murfin lagireto, ya karɓi kuɗinsa. Kwana uku ruwa ya sake sauka. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Wani abokina direban tasi ne ya kai ni wurin wani dattijon masta, wato babban makanike, a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma wallahi ban taɓa ganin bincike irin nasa ba. Ya zaro sandar gwada mai, ya duba ƙarƙashin murfin man ko ya yi fari kamar madara. Bai yi ba. Ya sa yaro ya tayar da motar, ya tsuguna a bayan salansa yana neman farin hayaƙi, sannan ya leƙa bakin lagireto ko ruwan yana kumfa. Ya ce, "Malam, gasket ɗinka lafiya lau, kar ka bari kowa ya taɓa shi." Daga nan ya ɗaura wani ɗan famfon hannu mai agogo a bakin lagireto, ya matsa iska, muka zuba ido. Allurar ta riƙa sauka a hankali. Ya ɗauko tocila da guntun madubi ya zura bayan injin, ya kira ni in gani da idona. Ashe akwai wani ɗan murfin ƙarfe mai kama da kwabo da ke toshe rami a jikin injin, tsatsa ta huda shi kamar bakin allura. Sai injin ya yi zafi ruwan yake tsartuwa, ya ƙone a jikin ƙarfe tun bai kai ƙasa ba. Ya ce ruwan famfo zalla da muke zubawa ne ke cin ƙarfen, domin ruwan lagireto mai launi na cikin galan yana ɗauke da maganin tsatsa.

A nan na so in tsaya da yabo, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce gobe da la'asar zai gama gyaran, amma motar ta yi kwana huɗu a wurinsa. Na kira har na gaji, ba a ɗagawa. Ranar da na karɓa, kujerar gaba duk baƙin mai, kuma yaransa sun bar zoben tiyon sama a kwance, ni na lura da danshi a wurin da na isa gida. Da ban duba ba fa? Na koma ya ɗaure, ya yi wa yaron faɗa, amma haƙuri bai ba ni ba.

Na sake zuwa Ejura makon jiya, ruwa yana nan inda ya bar shi. Idan wata matsala ta taso wurinsa zan koma, amma zan zauna a kan benci har a gama.