Yawon Gari da Jagora a Bankok: Rabinsa Ya Cancanci Kuɗinsa

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, sari ne yake kai su ko neman magani, kuma da yawa daga cikinsu sukan dawo Kano ba su san komai a birnin ba sai unguwar Pratunam, da ɗakin otal, da hanyar filin jirgin sama na Suvarnabhumi. Kamfanin shirya tafiye-tafiye da ya yi mana biza da tikiti a nan Kano ya lura da hakan, sai ya ɗora mana yawon gari na yini guda a kan kuɗin tafiya, tare da mota da jagora, wanda abokan hulɗarsa na can suke gudanarwa. Ni da wasu abokan kasuwanci daga Kantin Kwari muka biya, kuma wannan hidimar nake so in auna wa duk mai niyyar tafiya. Ra'ayina shi ne daga safiya zuwa azahar an ba mu fiye da abin da muka biya, amma daga la'asar zuwa magariba lokacinmu aka sayar wa wasu masu shaguna.

Motar ta iso ƙofar otal a kan lokacin da aka yi alkawari, tana da na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwan sha mai sanyi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafinsa ke haɗe da gumi tun hantsi. Jagoranmu Musulmi ne ɗan ƙasar, mai natsuwa, wanda yake magana da Turanci a hankali yadda har wanda bai yi nisa a boko ba zai kama zaren. Tun a mota ya gargaɗe mu a kan abubuwa biyu da ba a faɗa mana a Kano ba. Na farko, dokar ƙasar ta hana aibata sarki da iyalinsa, kuma hukuncinta ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, don haka ko da wasa bai kamata baƙo ya saki baki ba. Na biyu, idan wani ya tare ka a bakin titi ya ce maka an rufe fada yau, amma zai sa a-daidaita-sahu ya zagaya da kai wasu wurare a kan kuɗi kaɗan, to tsohuwar damfara ce wadda ƙarshenta shagon duwatsun ado.

Mun fara da Babbar Fada, wadda aka soma ginawa a 1782, shekarar da Sarki Rama na Ɗaya ya dawo da fadar mulki gaɓar gabas ta kogin Chao Phraya ya kafa gidan sarautar Chakri da ke kan karaga har yau. Jagoran bai tsaya a karanto mana shekaru ba. Ya bayyana cewa bayan dakarun ƙasar Bama (Myanmar ta yau) sun rushe tsohon babban birni Ayutthaya a 1767, Sarki Taksin ya kafa mulkinsa a Thonburi, ƙetaren kogin, sannan wanda ya gaje shi ya ga cewa gaɓar gabas ta fi sauƙin karewa. Da wannan bayanin sai mutum ya fahimci abin da ya sa tsohon birnin ya kwanta a jikin ruwa, da abin da ya sa aka yi ta haƙa hanyoyin ruwa a kewaye da shi. Ana tsananta ka'idar sutura a ƙofar shiga, ba a barin gajeren wando ko rigar da ta bar kafaɗa a waje, amma mu da kaftani da hula, da hajiyoyin da ke cikinmu da mayafansu, babu wanda aka tsayar. Abin da ya ɓata mana rai a nan shi ne kuɗin shiga, baht 500 na kuɗin ƙasar kowane mutum, wanda muka ɗauka yana cikin abin da muka biya tun a gida, sai ga shi daga aljihunmu za a fitar. Kuɗin ba shi ne damuwar ba, rashin faɗa mana tun farko ne.

Akwai batun da duk ɗan Kano zai tambaya, kuma bai kamata mai sayar da wannan yawo ya yi shiru a kansa ba. Manyan wuraren da ake kai baƙi a Bankok wuraren bautar addinin Buda ne, kuma akwai gumaka a cikinsu. A harabar fadar akwai Wat Phra Kaew, inda aka ajiye ƙaramin gunkin koren dutse da mutanen ƙasar suke girmamawa fiye da kowane. Dattijon da ya fi mu shekaru ya tsaya daga waje, ya ce mini, "Malam, ku shiga in kuna so, ni dai a nan zan jira." Na ce, "To, Baba Alhaji, bari a samo maka inuwa." Jagoran bai matsa masa ba, bai kuma nuna ya ji haushi ba, sai ya nema masa wurin zama, ya gaya wa sauranmu cewa babu wanda zai buƙaci mu rusuna ko mu kunna turare, cire takalmi da yin shiru kawai ake nema. Ni na shiga domin kallon aikin gini da zanen bango, kuma na ga aikin hannu na ban mamaki. Amma na ga dacewar kowa ya tambayi malaminsa kafin ya bar gida, kuma ya zama wajibi a kan kamfanin ya bayyana wannan a rubuce kafin ya karɓi kuɗin mutum, domin wanda ba zai shiga ba ya kamata a shirya masa wata hanyar daban.

Wat Pho yana kusa da fadar, tafiyar ƙafa ce. Can ne mutum-mutumin Buda yake a kishingiɗe, tsawonsa mita 46, an lulluɓe shi da ruwan zinare, kuma can ne sananniyar makarantar tausar gargajiya ta ƙasar. Ba mu daɗe ba. Daga tashar Tha Tien muka hau ƙaramin jirgin fito muka ƙetara zuwa Wat Arun, wanda aka ƙawata hasumiyarsa da gutsattsarin tangaran masu launi iri-iri, kuma ya fi kyau daga tsakiyar kogi fiye da daga gindinsa.

Abin da ya sa nake cewa yawon ya cancanci kuɗinsa ya faru ne bayan nan. Da lokacin azahar ya gabato, jagoran ya shigar da mu lungunan Thonburi da ƙafa, ta bakin hanyar ruwan Bangkok Yai, har zuwa Masallacin Tonson, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 17, tun Ayutthaya tana babban birni, wato ya girmi fadar da muka baro. A maƙabartar da ke jikinsa akwai kaburburan manyan shugabannin Musulmi na zamanin da. Mun yi alwala, muka yi sallarmu ta kasaru, kuma mutanen unguwar, waɗanda galibinsu mazhabar Shafi'i suke bi, suka karɓe mu da sallama da fara'a, suna tambayar daga ina muka fito. Daga nan ya kai mu Masallacin Bang Luang, wanda aka gina shi da farin bango da rufin koren tayil irin ginin gargajiyar ƙasar, ba tare da ƙubbar da idonmu ya saba gani ba. A wannan unguwa guda akwai masallaci, akwai cocin Santa Cruz na zuriyar Turawan Fotugal, akwai wuraren bautar Buda da na 'yan Sin, kuma sun shafe fiye da shekara 200 suna maƙwabtaka. Ɗan kasuwar da ya yi ta zuwa Pratunam shekara da shekaru yana iya rantsewa cewa Musulmin Bankok baƙi ne daga Larabawa da Indiya da Afirka, alhali ga al'umma nan mai tsohon tarihi, da limamanta da makarantunta na Alƙur'ani, a ƙetaren kogi. Ba na jin da mun gano waɗannan lunguna da kanmu, kuma a nan ne amfanin jagora ya bayyana.

Abincin rana ma an kyauta. An kai mu wani ƙaramin gidan abinci na Musulmi, muka ci khao mok gai, dafa-dukan shinkafa da kaza mai kurkum da kayan ƙamshi, da miyar massaman mai gyaɗa da dankali da madarar kwakwa, sannan aka rufe da shinkafa mai danƙo da mangwaro. Jagoran ya nuna mana tambarin halal na Majalisar Musulunci ta Tailan da ake bugawa a kan kayan abinci, ya kuma ja kunnenmu cewa naman alade da kitsensa suna shiga abincin bakin titi sosai, har a cikin romon da ake zuba wa taliya, don haka ganin kaza a saman kwano bai isa hujja ba.

Bayan haka ne al'amarin ya sauya. A takardar da aka ba mu an rubuta cewa da yamma za a nuna mana sana'o'in hannu na ƙasar, amma abin da muka tarar shi ne wani katafaren shagon duwatsun ado da zobba, inda aka rufe ƙofa aka saka mana bidiyo, sannan masu sayarwa suka yi ta bin mu daga tebur zuwa tebur. Daga can aka wuce da mu shagon tela, daga nan kuma wani wurin sayar da man shafawa da magungunan gargajiya. Mu 'yan kasuwa ne, mun san la'ada idan mun gan ta, kuma ba mu ƙi mutum ya ci halaliyarsa ba. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi kuɗin yawo a hannunka, sannan a sake karɓar kamasho a kan zamanka a shagon da ba ka nema ba. Da muka yi magana, jagoran ya ce ba shi ya tsara ba, kamfani ne yake wajabta masa tsayawa, kuma fuskarsa ta nuna shi ma ba ya jin daɗin hakan. Tsakanin waɗannan shaguna da cunkoson motocin yamma, wanda Bankok ta yi suna a kansa, sallar la'asar sai da muka roƙa aka tsaya.

Abin takaicin shi ne sana'ar hannu ta gaskiya tana nan kusa da masaukinmu, kuma da kaina na je daga baya. Daga tashar ruwa ta Pratunam ana hawa dogon jirgi mai inji da ke bin hanyar ruwan Saen Saep, kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo a otal ba, ko da yake ruwan ba shi da tsabta kuma sai an ja tamfol a gefe don kada ya fantsamo. Tafiya kaɗan ce zuwa Ban Krua, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Cham waɗanda kakanninsu suka fito daga Kambodiya da Biyetnam. Su ne masaƙan da Ba'amurken nan Jim Thompson ya dogara da su lokacin da ya fitar da silikin Tailan kasuwannin duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin ya ɓace a Malesiya a 1967. Gidansa na katako, wanda yanzu gidan tarihi ne, yana kallon unguwar daga ɗaya gefen ruwan. Gidaje kaɗan ne suka rage suna saƙa da rini, kuma duk wanda ya san yadda marinar Ƙofar Mata take a da da yadda take a yanzu zai gane abin da yake gani ba sai an yi masa bayani ba. Ga mai sayar da yadi, sa'a guda a gaban masaƙin nan ta fi yini a shagon zobba, domin a nan ne hannu yake koyon bambance siliki na gaske da na roba.

Sauran abubuwan da ake tallatawa a matsayin ƙari, mutum yana iya yin su ba tare da jagora ba. Jirgin ƙasan BTS mai bin gadar sama, wanda aka buɗe a 1999, yana sauke ka a tashar Saphan Taksin, daidai bakin kogi, inda za ka hau jirgin ruwa mai tuta ruwan lemo a kan kuɗi kaɗan ka bi Chao Phraya ka ga birnin tare da ma'aikata da 'yan makaranta. A wannan yankin na Bang Rak ne Masallacin Haroon yake, a wani lungu da ya fita daga titin Charoen Krung, kuma ranar Juma'a ana sayar da abincin halal a kewayensa. Kasuwar Chatuchak, mai rumfuna fiye da 15,000, Asabar da Lahadi take ci sosai, kuma tashar Mo Chit tana bakinta. Kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak kuwa tana da nisan kusan kilomita 100 daga birnin, kuma ban ga dalilin da zai sa mai 'yan kwanaki kaɗan ya ɓata rabin yini a hanya domin ita ba.

Wanda zai sayi wannan yawo daga wani kamfani a Kano, ya zauna da su kafin ya biya, ya sa a rubuta masa ko kuɗin shiga wurare yana ciki, da wuraren da za a tsaya salla, da kuma cewa babu shagon da za a kai shi sai wanda ya nema. Idan sun ce farashin zai ɗan tashi saboda an cire shagunan, ya biya ƙarin, domin a nan ne zai ga ainihin kuɗin hidimar. Ya nemi jagora Musulmi tun da wuri, musamman idan akwai dattawa ko mata a cikin tawagar. Idan kuma zaɓin lokaci yana hannunsa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne zafi da ruwan sama suke sassautawa, yayin da Afrilu ya fi kowane wata zafi, kuma daga 13 zuwa 15 ga watan ake bikin Songkran, lokacin da ake watsa wa duk mai wucewa ruwa a titi, shaguna da dama kuma suke rufewa, har da na masu sari.