Gargaɗi kan man "seramaid" na masu haɗe-haɗe

Masu haɗa man shafawa a gida sun samo sabon suna da suke yaudarar mata da shi, musamman waɗanda bilicin ya riga ya cinye musu fata. Ana tallarsa a Instagram da TikTok da sunan man gyaran fata mai seramaid, a ƙaramar roba ba jerin sinadarai, ba lambar NAFDAC.

Seramaid wani kitse ne da ke tsakanin ƙwayoyin saman fata, kusan rabin kitsen wurin shi ne, sauran kolestarol ne da wasu kitse. Shi ke hana ruwa fita daga fata. Na gaske yana da tsada kuma yana da wuyar narkewa, shi ya sa kamfanoni suka ƙirƙiro makwafinsa. Kao na Japan yana amfani da Cetyl-PG Hydroxyethyl Palmitamide a man Curél, Amorepacific na Koriya ta Kudu kuma ya haɗa Hydroxypropyl Bispalmitamide MEA. Waɗannan ba na yaudara ba ne, suna aiki. Na gaske za ki gan shi a rubuce da Ceramide NP, AP ko EOP. In babu ɗaya daga cikin sunayen nan a jikin roba, kada ki saya.

Garin seramaid sai an narkar da shi a mai mai zafi sosai kafin a haɗa, in ba haka ba ya dunƙule. Mai juyawa da cokali a bokiti ba za ta iya ba. To me ke sa man nasu "aiki" cikin kwana uku? Galibi clobetasol ake matsewa a ciki, maganin sitiroid mai ƙarfi, wani lokacin har da hydroquinone, sinadarin bilicin. Ja da ƙaiƙayi su lafa nan take, fata ta yi haske. Seramaid ba ya haskaka fata ko kaɗan, kuma gyaransa na ɗaukar makonni.

Bayan wata biyu zuwa uku fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a cinya da hammata, ga ƙuraje da makero. Da an daina, fuska ta ɗau zafi kamar an zuba barkono, sai a koma wurin mai sayarwa. Cinikin ke nan.

Dokar NAFDAC ta 2019 ta haramta sitiroid a kayan kwalliya. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan man kada ta yanke shi rana ɗaya. Ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata ya tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali.