Jakar goyo: mai ƙarfe a ciki ko mai ƙarfe a waje?

Tunda na fara hawa Dala da Goron Dutse da jaka mai cin lita 65, ake tambayata wacce za a saya: wadda ƙarfen da ke tallafe ta yake ɓoye a ciki, ko wadda nata yake a waje.

Mai ƙarfe a ciki tana manne wa baya kamar goyo, ba ta rinjayar mutum a kan duwatsu. Amma fa sai ta dace da tsawon bayanka. Fara ɗaure ɗamarar ƙugu, can nauyin zai zauna, ba a kafaɗa ba. Aibinta gumi, balle a zafin Afrilu.

Mai ƙarfe a waje kuwa iska na ratsa bayanka, galibi ta fi araha, sai dai wuyar samu.

Mai hawan dutse, ta farko ce tasa. Mai jibgin kaya a miƙaƙƙiyar hanya ya nemi ta biyu.