Ƙafa mai tauri ko mai laushi: wacce ta dace da tsohuwar MGB?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya kan ƙafar MGB ɗinsa, motar Ingila ƙirar 1972, wato sifirin da shoka da sauran abin da ke haɗa taya da bodi. Ya ce motar tana lilo a kwana, tana kuma dukan ƙasa idan ta faɗa rami. An ba shi shawara biyu: ko ya sa sifirin masu tauri, ya sauke motar ƙasa, ya canza duk bushin (robobin da ke mahaɗan ƙafa) zuwa na foliyuritan, wanda ya fi roba tauri, ya faɗaɗa taya, ko kuma ya bar sifirin yadda kamfani ya ƙera, ya gyara shoka kawai. Yana son sanin wacce za ta ba shi riƙon hanya ba tare da bayansa ya galabaita ba.

Malam, kafin mu jera su, ka sani cewa ƙafar da ta shekara 50 ba ita ce ta fito daga kamfani ba. Sifirin ganye na baya yana sakewa, robar bushin tana tsagewa, man shoka yana yoyo. Idan ka gwada wannan gajiyayyiyar ƙafa da sabbin kaya masu tauri, dole sababbin su burge ka. Amma a nan sabo ne ya doke tsoho, ba tauri ne ya doke laushi ba. Da yawa sun kashe kuɗi a kan wannan ruɗani.

Mu fara da ƙafa mai tauri. Abin da take bayarwa gaskiya ne: motar ba ta kwanciya sosai a kwana, hancinta ba ya nutsewa idan ka taka birki, sitiyari yana amsawa nan take. A filin tsere mai santsi kamar tebur, wannan riba ce. Sai dai titin yau da kullum yana da gargada da faci da tudu, kuma taya ba ta riƙe hanya sai tana taɓa ƙasa. Sifirin mai tauri yana sa tayar ta riƙa tsalle a kan ƙananan ramuka, kuma duk lokacin da ta tashi, riƙo ya tafi. A MGB abin ya fi tsanani a baya, domin tayoyin biyu suna kan aksil guda mai nauyi. Idan ta dama ta bugi rami a tsakiyar kwana, ta hagu ma ta ji, sai gindin motar ya zame gefe. Direba zai ji motar ta yi kaifi a hannu, alhali a zahiri riƙonta ya ragu.

Sauke mota ƙasa kuma yana cinye tazarar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa. Da ta daki robar nan, babu sauran sifirin, bodi ne ke karɓar duka.

Ƙafa mai laushi kuwa, wadda aka haɗa da shoka mai kyau, tana barin taya ta bi fuskar hanya duk yadda take. A nan ne nake so ka dakata, domin mutane suna gauraya aikin sifirin da na shoka. Sifirin shi ke ɗaukar nauyin mota. Shoka shi ke hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya matse ya saki. Lilon da ka ce kana ji, mafi yawan lokuta ba laifin sifirin ba ne, shoka ne ya mutu. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: idan ta tashi ta zauna sau ɗaya, da sauran rai, idan ta ci gaba da rawa, ka gano ɓarawon.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin wannan hanya shi ne Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, da motarsa Lotus Elan ta 1962. Mota ce marar nauyi, ba ta kai kilo 700 ba, sifirinta masu laushi ne, tazarar motsin ƙafarta da yawa, shokarta kuma an daidaita shi sosai. Har yau ana ambatonta cikin motocin da suka fi iya kwana, kuma ba ta wahalar da mai zama a ciki. Jaguar E-Type ta 1961 ma haka, kowace tayar baya tana motsi da kanta, ta haɗa gudu da laushi a lokacin da ake ganin ba sa haɗuwa.

Aibin laushi shi ne motar za ta kwanta a kwana fiye da mai tauri. Maganin wannan shi ne sandar sitabilaiza, wadda ke haɗa tayoyin gaba biyu. Idan suka hau tudu tare, kusan ba ta aiki, laushinka yana nan. Sai a kwana, lokacin da gefe ɗaya ya matse ɗaya ya saki, take murɗewa ta riƙe bodi. Tarihin MGB kansa ya tabbatar da muhimmancinta. A ƙarshen 1974 aka ɗaga tsayin motar da kusan inci 1 don bin dokokin Amurka, aka sa bamba na roba, sannan aka fitar da mai buɗaɗɗen sama ba tare da sitabilaiza ba. Motar ta riƙa kwanciya ƙwarai, aka yi ta ƙorafi, har sai da aka mayar da sandar gaba, aka ƙara ta baya, a ƙirar 1977. Taka tana da ƙafar da ta gabaci wannan canji, kada ka raina ta. Masu MGB da yawa suna sa sandar gaba mai kaurin inci 3/4. Ta baya kam, ka bi a hankali: tana iya ɗaga tayar ciki a kwana, ta sa gindi ya riga hanci juyawa.

Batun bushin ba sai an ja shi ba. Foliyuritan yana daɗewa kuma mai ba ya cin sa, amma yana shigo da ƙara da karkarwa cikin mota. Ni dai zan sa shi a sitabilaiza, in bar roba mai kyau a idon sifirin ganye. Ka tabbata makanike bai ɗaure notin bushin roba ba sai motar ta sauka daga jak ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe, ta tsage da wuri.

Taya ita ce inda na fi jin takaicin abin da ake yi wa waɗannan motoci. An ƙera MGB don siririyar taya mai tsayin gefe, a rim mai inci 14, irin mai faɗin milimita 155 ko 165. Wannan dogon gefe wani sifirin ne na biyu, shi ke shanye ƙananan tsakuwa. Faffaɗar taya mai gajeren gefe tana ƙara wa sitiyari nauyi, ga shi motar ba ta da fawa-sitiyari, tana bin kowane tsagi na hanya, kuma idan riƙonta ya ƙare, farat ɗaya yake ƙarewa. Siririya tana yi maka gargaɗi tun kafin ta zame, kuma wannan gargaɗin shi ne daɗin tuƙa tsohuwar mota.

Shokar MGB irin mai hannu ce ta kamfanin Armstrong, kuma a gaba hannun nata shi ne ƙashin sama na ƙafar. Ana iya sabunta ta a cika mata mai, kuma idan an yi aikin da kyau ta wadatar a titi. In ka fi son mai bututu, ɗauki wadda ake daidaitawa kamar Spax ko Koni, ka fara daga mafi laushi, ka riƙa ƙarawa mataki ɗaya-ɗaya.

Saboda haka, Malam, in har ba filin tsere kake kai ta duk mako ba, shawara ta biyu nake ba ka, da ƙarin sandar gaba mai kauri. Sabunta bushin da shoka, duba ko sifirin baya ya sake, sa sabbin tayoyi na ainihin girmansu, a yi alaimen. Ka tuƙa ta 'yan makonni a hanyar da ka saba, sannan ka sa sitabilaiza mai kaurin ita kaɗai, domin ka san abin da kowane canji ya kawo. Idan bayan haka har yanzu tana kwanciya fiye da yadda kake so, dawo ka gaya mana ko gaba ne ke turawa waje ko baya ne ke zamewa, daga nan sai mu duba batun sifirin.